Wanda Ya Cika A Hanyar Asibiti, Alhakinsa Na Wuyan Wa?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa Mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, babu mai bukatar a tuna wa mutanen ƙasar Zuru irin abin da suka gani a 'yan shekarun nan. Ran 3 ga watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka auka wa waɗansu ƙauyuka na Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, 'yan sanda suka ba da sanarwar mutuwar mutum 88. Cikin watan Maris na 2022 aka yi wa 'Yan Sa Kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60 daga cikinsu, bayan 'yan kwanaki kuma aka kai hari a Kanya kan jami'an tsaron da ke tare da Mataimakin Gwamnan Jihar Kebbi na lokacin, sojoji da 'yan sanda suka rasa rayukansu. Ran 17 ga Nuwamba na 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga da duhun asuba, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. A maƙwabta kuwa, watau ƙasar Yawuri, jirgin ruwa ya nutse a Kwara kusa da Wara cikin watan Mayu na 2021 ɗauke da mutum fiye da ɗari.

Duk sa'ad da irin wannan ya auku, abin da jarida da rediyo kan faɗa shi ne yawan waɗanda suka mutu. Ba a cika rarrabe waɗanda harsashi ya kashe nan take da waɗanda suka ɗauki sa'a ɗaya ko biyu suna numfashi, jini na zuba, ana neman babur ko akori-kura, har rai ya yi halinsa tsakanin ƙauye da asibiti ba. Na farko dai alhakinsu a bayyane yake, yana wuyan wanda ya harbe su. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce ta na biyun: shin mai harbin kaɗai zai amsa a gaban Allah, ko kuwa akwai wani kaso da ya hau kan al'ummar da ba ta tanadi mai tsayar da jini ba, ba ta tanadi mota ba, ba ta tanadi jinin ƙari ba?

Amsar da aka fi ji a zaman makoki ita ce, kwanansa ne ya ƙare. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da ita, domin ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma akwai bambanci tsakanin faɗinta domin rarrashin wanda aka yi wa rashi, da faɗinta domin wanke wanda ya yi sakaci. Da a ce ƙaddara hujja ce ta kuɓuta, da shi kansa mai harbin ya kuɓuta, tun da yake shi ma zai iya cewa kwanan mamacin ne ya ƙare. Shari'a kuwa ba ta karɓi wannan daga gare shi ba. To, in ajali bai ɗauke wa mai kisa laifinsa ba, ta yaya zai ɗauke wa mai sakaci nasa?

Sahabbai sun riga sun warware wannan matsala tun a zamanin Sayyadina Umar (R.A.). Sa'ad da ya nufi ƙasar Sham ya kai wani wuri da ake kira Sargu, aka gaya masa annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, daga bisani ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako, duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Haka nan hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai taguwa ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Annabi Yusufu (A.S.) ma, da ya san fari na tafe, rumbu ya sa aka cika shekara bakwai. Saboda haka shiri tun kafin bala'i ya sauka wani sashe ne na tawakkali, barinsa kuwa da gangan sakaci ne ko da an sa masa sunan addini.

Malamai sun ce Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar, watau addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane duka, kuma abin lura, ayar da ke biye mata kai tsaye ita ce ta hukuncin 'yan fashi masu ɓarna a bayan ƙasa. Watau Alƙur'ani ya jera abubuwan nan biyu wuri ɗaya: a tsare rai, a kuma hukunta mai salwantar da shi. Al'ummar da ta riƙi bindiga kaɗai ta bar magani ta ɗauki rabin umarnin ne ta ajiye rabi.

Hukuncin wannan aiki a fiƙihu shi ne farilla ta kifaya, irin wadda in waɗansu sun tsaya da ita yadda ya wadatar ta faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya bari, kowa ya yi laifi gwargwadon ikonsa. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likita cikin wannan sashe a littafinsa Ihya'u Ulumid Dini, har ya yi kukan yadda ɗalibai ke tururuwa zuwa saɓanin fiƙihu alhali garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi ko ɗaya. Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan ta ma fi tsanantawa. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, an tabbatar da lamuni a kan wanda ya ga wani zai halaka, yana da ikon cetonsa, ya ƙi. An kawo misalin mutumin da yake da rarar zare, aka nema domin a ɗinke raunin da ya huda cikin wani, ya hana har mai raunin ya mutu. Mai karatu ya dubi wannan misali da kyau. Ba shi ya yi sukan ba, bai ko taɓa mamacin ba, abin da ya yi kawai ya riƙe zarensa, amma malamai suka ce sai ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. To, ina ga wanda ya riƙe motarsa, ko mai mai da ya rufe shagonsa, ko ma'aikacin da ya ce sai an ajiye kuɗi kafin ya taɓa mai rauni? Har salla ta farilla malamai sun ce wajibi ne a yanke ta domin ceton makahon da zai faɗa rijiya ko yaron da zai faɗa wuta.

Aikin agaji a fagen fama kuwa ba baƙon abu ba ne da aka aro daga Turawa. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Nana A'isha da Ummu Sulaimi (R.A.) sun yi ta jigilar salkunan ruwa zuwa ga masu rauni. Da jinin fuskar Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙi tsayawa, Nana Faɗima (R.A.) ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a kan raunin har ya tsaya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin cewa su mata sukan shayar da mayaƙa, su yi jiyyar masu rauni, su mayar da su Madina. A shekara ta 5, lokacin yaƙin Handaƙu, akwai hemar Rufaida Al'aslamiyya a masallacin Madina inda take jiyya, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) da kibiya ta same shi a jijiyar hannu. Daga baya, a zamanin Halifa Muƙtadir na Abbasiyawa, waziri Aliyu ɗan Isa ya umarci babban likita Sinanu ɗan Sabitu ya tura likitoci da akwatunan magani su riƙa zagaya ƙauyukan Iraƙi da ba su da mai magani. Wannan duk ya auku ɗaruruwan shekaru kafin yaƙin Solferino na 1859 a ƙasar Italiya, wanda ganin masu rauni yashe a filinsa ya sa aka kafa ƙungiyar Red Cross a 1863. A ƙasar Hausa ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani duk da nauyin mulki da yaƙe-yaƙe.

In an yarda cewa shirin wajibi ne, sai a tambaya, mene ne shirin? Likitoci sun bayyana cewa jinin da ke jikin babban mutum bai wuce kamar lita 5 ba, kuma in babbar jijiya ta tsinke a cinya ko a hannu mutum na iya mutuwa cikin 'yan mintoci. Daga nan za a gane cewa matakin farko yana hannun wanda ke tsaye kusa da mai rauni, tun kafin a yi zancen likita. Danne raunin da tsumma mai tsabta da iyakar ƙarfi ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, ɗaure hannu ko ƙafa tamau da ƙyalle mai faɗi sama da raunin in jinin ya ƙi tsayawa, riƙe lokacin da aka ɗaure domin a gaya wa likita, kwantar da wanda ya suma yana numfashi a gefensa don kada ya shaƙe, hana ɗura wa mai raunin ciki ruwa ko fura, da kiyaye wuyan wanda ake zaton ya karye a gadon baya: waɗannan abubuwa ne da manomi ko ɗan acaɓa ko matar aure za su iya koya cikin kwana ɗaya ko biyu. Mataki na biyu shi ne abin ɗauka, watau mota mai mai a ciki da direban da aka san inda yake kwana, da sanin hanyar da za a bi da damina in rafi ya kawo. Mataki na uku shi ne asibitin da zai karɓa, mai ɗakin tiyata da wuta da jinin ƙari a ajiye. Masarautar Zuru ƙananan hukumomi huɗu ce, Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, kuma wanda aka harba a bayan Bena ko Dirin Daji tafiya ce a gabansa kafin ya kai babban asibitin Zuru, in kuwa aikin ya fi ƙarfin nan sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, tafiyar sa'o'i. Tsawon wannan hanya shi ne ya sa matakin farko ya fi kowanne muhimmanci a irin wannan ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da kan hana mutanen kirki taimako, shi ne tsoron kada wanda ya kai mai raunin harsashi asibiti ya wayi gari a hannun 'yan sanda, ko asibiti ya ce sai da takardarsu. Wannan tsoro yana da asali, domin an daɗe ana yin haka a Nijeriya, an kuma yi asarar rayuka ta wannan hanya. Amma ya kamata jama'a su sani cewa doka ta sauya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar magani na gaggawa. A ƙarshen 2017 kuma aka sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa asibitin gwamnati da na kuɗi su yi wa mai raunin bindiga magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗin ajiya ko babu, sa'an nan asibitin ya sanar da 'yan sanda cikin sa'a biyu da fara magani. Dokar ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi, kada a wahalar da shi da tambayoyin cin fuska. Ke nan abin da Shari'a ta wajabta, dokar ƙasa ma ta ba shi kariya. Saura a sanar da mutane, a kuma tilasta bin ta.

Wata hujjar da akan kawo ita ce aya ta 195 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Gaskiya ne ba a ɗora wa mai agaji ya kutsa inda ake ruwan harsashi ba, domin in ya faɗi masu rauni sun ƙaru da ɗaya, masu ceto sun ragu da ɗaya. Jira har wuri ya lafa hikima ce. Sai dai Buhari ya ruwaito daga Huzaifa (R.A.) cewa ayar ta sauka ne a kan ciyar da dukiya, watau halakar da ake nufi ita ce ta masu riƙe hannu. Saboda haka ayar da mai rowa ke fakewa da ita, shi ta fara yi wa magana.

Matsala mafi wuya tana zuwa ne ranar da masu rauni suka fi masu jiyya yawa. Mutum ashirin kwance, nas biyu, jini leda uku: wa za a fara dubawa? Al'ada za ta ce a fara da babba, da ɗan sarauta, da mai sananne a wurin. Ƙa'idar likitoci kuwa, wadda ake dangantawa da Larrey, likitan sojan Faransa na zamanin Napoleon, ita ce a fara da wanda rauninsa ya fi gaggawa ba tare da duba muƙaminsa ba. Wannan ya dace da ƙa'idar malaman usulu ta kawar da babbar cuta da ɗaukar ƙarama. Ɗan hakimin da ya karye a hannu zai iya jira, ɗan makiyayin da jini ke tsartuwa daga cinyarsa ba zai iya ba. Abin da ya fi ɗaci shi ne wanda likita ya ga alamar ba zai tashi ba, ya wuce shi zuwa ga wanda ake sa ran cetonsa. 'Yan'uwan wancan za su ga kamar an wulakanta nasu, kuma zafin da suke ji ba abin raini ba ne. Amma in likitan ya yi haka bisa iliminsa da tsoron Allah, mai ijtihadi ne, ba shi da laifi. Abin da ya rage a kan jama'a shi ne kada a bar wanda aka wuce shi kaɗai. A zauna kusa da shi, a rage masa zafi, in Musulmi ne a laƙƙana masa kalmar shahada.

Ƙasar Zuru ƙasa ce da Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya ke zaune tare, sau da yawa ma a gida ɗaya. Ɗan bindiga ba ya tambayar addinin wanda zai harba, kuma bai halatta mai agaji ya tambaya ba. Hadisi ingantacce ya nuna an gafarta wa mutum saboda shayar da kare mai ƙishirwa, balle ɗan Adam da Allah Ya karrama. Ƙarin jini daga Musulmi zuwa wanda ba Musulmi ba, ko daga shi zuwa Musulmi, malamai sun halatta shi saboda lalura, haka nan namiji ya ceci mace ko mace ta ceci namiji in babu wani.

To, in wanda aka kawo shi ne ɗan bindigar da kansa fa? Nan zukata kan yi tauri, kuma wanda aka kashe wa uba ko aka sace wa 'ya ba za a zarge shi don ya ji haka ba. Amma Shari'a ta raba aikin likita da na alƙali. Hukuncin ɗan fashi mai tsanani ne, sai dai hukuma ce ke zartar da shi bayan an tabbatar da laifi. Sayyadina Aliyu (R.A.), a shekara ta 40 bayan Hijira, yana kwance da saran takobin Ibnu Muljam, ya yi umarni a ciyar da wanda ya sare shi a kuma kyautata tsaronsa har a ga abin da hali zai yi. Ban da haka, a tsakiyar rikici ba kullum ake sanin mai laifi ba. Sau nawa aka ɗauki makiyayi ko baƙo mai wucewa a matsayin ɓarawo saboda kamanninsa ko harshensa? In aka buɗe wa ma'aikacin jiyya ƙofar zaɓen wanda ya cancanci rayuwa, ba za ta tsaya a kan masu laifi ba. A yi masa magani, a miƙa shi ga hukuma, mai yiwuwa ma bakinsa ya nuna inda aka ɓoye waɗanda aka sace.

Yanzu sai a koma ga tambayar farko. Nauyin yana rabuwa gwargwadon iko. Mafi girmansa yana kan masu mulki, domin kowane shugaba abin tambaya ne game da waɗanda aka ba shi kiwo. An kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa tun 1999, dokar 2014 ta keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin maganin gaggawa, a 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, ga kuma lambar waya ta 112. Amma mutumin ƙauye ba da takarda zai auna waɗannan ba, zai auna su ne da abin da ya iso gare shi daren da ya nema. Buhunan shinkafa da ake kawowa wajen jaje alheri ne, sai dai da an kashe kwatankwacinsu tun farko wajen man mota da ledar jini, da wani gidan bai yi zaman makoki ba.

Sa'an nan masu dukiya. Wanda ya sauke faralin Hajji yana kuma komawa Umra kowace shekara, ya sani nafila yake yi alhali akwai farilla ta kifaya da ba a sauke ba a garinsu. Motar asibiti da aka yi waƙafinta, tare da abin da zai riƙe mai da albashin direba, sadaka ce mai gudana. Abdus Sattar Edhi na birnin Karaci a Pakistan, wanda ya rasu a 2016, da tsohuwar mota guda ya fara, kafin ya bar duniya motocin agajinsa sun game ƙasar.

Malamai da limamai kuma nasu kason shi ne su shigar da wannan babi cikin huɗuba da karatun zaure, su ƙarfafa wa matasa ba da jini, su kuma kore camfin da ke hana shi. Ga rundunonin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na ɗariƙu a kusan kowane gari. Aikinsu bai kamata ya tsaya ga shirya sahu ranar idi da tsare ƙofa wajen wa'azi ba, tun da sunan da suke ɗauke da shi agaji ne. Ƙasar Zuru kuwa ta shahara da aikin soja, da wuya a sami gari babu tsohon soja, cikinsu akwai waɗanda suka koyi ɗaurin rauni a bakin daga. In aka haɗa su da ma'aikatan lafiya da 'yan Red Cross da matasan coci, aka koya wa mutum goma a kowane ƙauye, maza da mata, aka ajiye akwatin bandeji a gidan mai gari, aka rubuta sunayen masu motoci da nau'in jinin masu son bayarwa, to, an ɗauki babban sashe na farillar ba tare da jiran kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa mai rauni ya cika a hannunsa, wannan ya sami lada, kuma shi ne ya cancanci ya ce kwanansa ne ya ƙare, zuciyarsa a natse. Wanda kuwa yake da iko ya bari, ya tanadi amsar da zai bayar ranar da za a tambaye shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba masu rauni lafiya, Ya mayar da waɗanda ke hannun azzalumai gida, Ya zaunar da ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Amin.